Shekarar da Aka Kunna Injin Tsinta Ba Shinge

Ranar sunan ɗan 'yata Maryam ina zaune a soro, sai na ji ɗaya daga cikin jikokina tana gaya wa ƙawarta cewa Anti Bilki ce ta kashe wa Baffa Sule kasuwar injinsa, shi ya sa ba ya shiga gidan nan. Ta faɗa ne hankalinta kwance, tana cin cincin, kamar abin da kowa ya sani. Ban tsawata mata ba, don a bakin manya ta ji. Amma na ga idan na tafi ban rubuta ba, haka maganar za ta zauna a gidan nan har 'ya'yanta su gaje ta. Saboda haka wannan babin na yayarku Bilkisu ne, da abin da ta rasa a shekarar. Inji ana gyara shi. Ita wurinta ta rasa a wajen mutumin da ya raine ta.

Kun san aikin wayar tarho ya yawata da ni. Na je Jamus ina saurayi, na zauna Sudan, na yi Indiya, sannan Jidda inda na fi daɗewa. Bilkisu ce 'yata ta fari, kuma ana yaye ta aka miƙa wa ƙanena Sule ita, kamar yadda gidanmu ya saba: ɗan fari na ɗan'uwa ne. Ni ko sunanta ba na kamawa, "'yar Sule" nake cewa, in ta shigo ɗaki in sami abin kallo a bango. Sule ne ya riƙa kai ta makaranta a bayan babur. Shi ne ya tsaya kai da fata da aka ce karatun kwamfuta ba na mace ba ne. Wani abokin aikina Bajamushe ya taɓa tambayata yadda mutum zai ba da 'yarsa yana raye, na ce masa ai ba ta fita daga gida ba. Su a wajensu gida mutum huɗu ne da kare.

Da na dawo Kura na zauna, na tarar Sule ya yi nisa a harkar casar shinkafa. Matan Bunkure su sayi shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, su turara, su shanya a bakin titi, su kawo masa ya gyara. Duk wanda ya san shanyar bakin titi ya san abin da shinkafa ke kwasowa: tsakuwa, ƙusa, ɓarɓashin kwalba. Abin da ya ɗaga Sule sama da sauran masu inji shi ne injin tsinta da ya sayo daga waje. Shinkafa tana zubowa kamar labule a gaban kyamara, kwamfuta tana dubawa, duk abin da ba farar ƙwaya ba wata 'yar iska ta bushe shi gefe. Cikin 'yan shekaru mata suka ajiye faifai. Har ya zama magana a kasuwa, wai shinkafar Sule daga buhu sai tukunya. A Indiya na ga irin wannan inji, har waɗanda suka fi shi, amma ban taɓa shiga gidan da uwargida ta daina tsintar shinkafarta da hannu ba. Mu in muka yarda da mutum, mun yarda da injinsa.

Ana tsakiyar kaka, layin buhuna har ya fito titi, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar da ke cikin injin. Kyamara lafiya, bututun iska lafiya, amma kan ya mutu. Kamfanin da ya ƙera ya ce sun daina yin irinsa. Sule ya kira Bilkisu daga Kano inda take aiki, ta zo ta kwana biyu tana fama da wayoyi, sannan ta ce za ta iya rubuta abin da zai maye gurbin kan, a ɗora a kan wata kwamfuta. Wadda ke hannu ita ce wata 'yar tsohuwa a ofishin Sule. Da ta buɗe ta, na ga fuskarta ta sauya. Bayan la'asar muka zauna a barandar ofis, ni da Sule a kan benci, ita a ƙasa a kan tabarma, ta yi mana bayani.

Ga yadda na fahimce shi, kuma na yi shekaru ina aiki da 'yan'uwan waɗannan na'urori. Cikin kowace kwamfuta akwai uwar manhaja, masu sana'ar suna ce mata kenel. Ita ke rabon wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta ce wannan fangalin na wane ne, wancan na wane. Kowace na'ura da aka jona, kamar kyamara, tana da ɗan shirin da ke magana da ita, shi ake kira direba. A al'ada direba a cikin uwar yake zama. Amma ana iya rubuta shi a waje, kamar kowane shiri, ya fi sauri, ya fi sauƙin gyara, kuma shi ne abin da Bilkisu za ta iya gamawa kafin kaka ta wuce. Matsalar ita ce katin da ke haɗa kyamarar da kwamfuta ba ya neman izini. Hoto yake kwararowa kai tsaye cikin ƙwaƙwalwa, duk inda aka nuna masa, kamar tiyon da aka ɗora daga magudana. Kwamfutocin kirki suna da wani ɗan ƙarfe mai tsaron ƙofa, wanda ke hana katin zuba wa kowa ruwa sai fangalin da aka ba shi. Tsohuwar kwamfutar Sule ba ta da shi.

"To shi ke nan, ba za ta yarda ba," na ce, ina duban Sule kamar da shi nake.

"Za ta yarda, Abba," in ji ta. "Waɗanda suka rubuta uwar sun bar ƙofa. Akwai maɓallin da ake kunnawa, sunansa ma da kalmar haɗari a ciki. In ka kunna, uwar za ta ba ka katin ba shinge, sannan ta yi wa kanta tambari cewa ta gurɓata. Daga nan duk abin da ya faru, waɗanda suka rubuta ta ba za su saurare ka ba."

Gaskiya na kaɗu. A Jamus na ga an rufe ɗakin na'ura ɗungum saboda murfin fis ɗaya ya ɓace. Ban taɓa zaton mutanen da suka san abin da suke yi za su gina ƙofa da hannunsu, su rubuta a kanta cewa wanda ya shiga ruwansa ba. Daga baya na gane dalilinsu. Sun san akwai irinmu a duniya, masu tsofaffin kaya da layin buhuna a ƙofa, kuma sun san in ba su bar ƙofa ba za mu fasa bango. Sun zaɓi mu shiga ta inda suke gani. Ban ce sun yi kuskure ba. Amma sun rubuta gargaɗinsu ne don mutumin da zai iya cewa a'a.

Sule ya yi dariya.

"Ke dai Bilki, zai yi tsinta ko ba zai yi ba?"

"Zai yi, Baffa. Amma da sharaɗi."

"Ji min 'yar nan, ni za ki kafa wa sharaɗi? Faɗi mu ji."

Ta ce na wucin gadi ne, kafin a kawo kwamfuta mai ɗan ƙarfen. Ta ce kuma duk sanda aka ɗauke wuta aka koma janareto, ko shirin ya tsaya, kada a rufe shi a sake buɗewa kawai. A kashe komai, a zare waya daga bango, a jira, sannan a tayar daga farko. Domin in shirin ya mutu, katin bai san ya mutu ba, zai ci gaba da zuba hoto a inda ya saba, ita kuma uwar ta riga ta ba wani abin daban wannan wurin.

"Shi ke nan? Ai wannan ba komai ba ne. Kunna mana, Allah ya yi miki albarka."

Ta ce, "To, Baffa." Mutumin da ya goya ki a babur ya sa miki albarka a kan abu, da wane baki za ki sake ce masa ya ji tsoro? Ni kuma ba a gabanta zan goyi bayanta ba, ba a yin haka. Na bari sai da muka fito bakin ƙofa, na ce masa, Sule, abin nan da 'yarka ta faɗa ba wasa ba ne, ka aika a kawo ɗayar gobe. Ya dafa kafaɗata yana murmushi.

"Yaya, 'yata ce ko taka?"

"Taka ce."

"To bar ni da ita. Kai ka tafi ka ji labaran duniya."

Injin ya tashi, kuma ya yi tsinta fiye da da. Wannan ne ya cuce mu. Da ya yi gardama tun farko, da an nemo ɗayar. Layi ya ragu, mata suka riƙa yi wa Bilkisu kirari, Sule yana gaya wa duk wanda ya zo cewa 'yarsa ta yi abin da Turawan kamfani suka kasa. Ta koma Kano. Duk sanda ta kira ta tambayi sabuwar kwamfuta, sai ya ce an kusa. Daga baya muka ji ya ce wa mai kawowa ya bari, tunda abu yana aiki. Da farko ana bin sharaɗin. Amma wutar Kura kun san ta, a yini a ɗauke sau da yawa, kuma kowace ɗaukewa sai a tsaya a zare a jira, mata suna tsaki a waje. Wata rana Sule da kansa ya gwada rufewa da buɗewa, ya ga allo ya dawo kore, shinkafa tana zuba, iska tana fesawa. Ya ce wa masu aiki daga yau haka za a riƙa yi. Aka yi ta yi, ba abin da ya faru, har ranar da ya faru.

Inna Talatu ita ce shugabar matan da ke turara a Bunkure, mace mai baki da raha, ta girmi Sule. Ita ce ta kawo shinkafar walimar saukar karatu ta wata makarantar Islamiyya a garinsu. Aka gyara, aka ɗinke, aka kai, masu girki suka farke buhu suka juye a tukunya kamar yadda aka saba. Washegari da hantsi ina wajen injin, Bilkisu ma ta zo hutun ƙarshen mako, sai ga a-daidaita-sahu ya tsaya, Inna Talatu ta fito da mata a bayanta, tana riƙe da tire a rufe. Ba ta yi sallamar da ta saba ba, wadda take haɗawa da tsokanar Sule kan tumbinsa. Ta ajiye tiren a kan buhu, ta yaye. Dafaffiyar shinkafa ce, an baje ta, a gefe an tara abin da aka tsinto daga cikinta. Tsakuwa ce da yawa, da gutsattsarin koriyar kwalba suna ƙyalli.

"Alhaji, dubi abin da na ciyar da 'ya'yan mutane."

Sule ya ce ba daga nan ba.

"Ɗinkinka ne a bakin buhu. Yarinya tana asibiti a Kano, kwalba ta yanke ta a maƙogwaro, ɗaya daga cikin masu saukar ce. Allonta na hannunta jini yana zuba a kan farin hijabi. Ni na ce musu kada su ɓata lokaci wajen tsinta. Ni na faɗa da bakina, na ce ta Sule ce."

Muka shiga ciki, allo kore shar, lambobi suna hawa, iska tana fesawa kamar kullum. Bilkisu ta tara hannu a inda tsabtatacciya ke fita, ta buɗe tafinta, ga tsakuwa. Ta je inda datti ke fita, farar shinkafa ce tsaf. Ta dakatar da zubar, ba ta kashe kwamfutar ba, ta jona tata ta duƙufa. Can ta ce, "Abba, zo ka gani." Akwai wani wuri a ƙwaƙwalwar inda shirin ke ajiye lissafin wane bututu zai fesa da kuma yaushe. Ta ce lambobin wurin ba su da kan gado, sai ta sa a nuna mata su a matsayin hoto. Na duba allon, na ga ƙwayoyin shinkafa. Hoton shinkafa ne sosai, kana ganin tsawon kowace ƙwaya, a kwance a kan lissafin. Katin ya zubar da abin da kyamara ta gani a kan umarnin inji, injin kuma yana karanta hoton yana bi. Ba abin da ya ƙone, ba ƙara, ba jar fitila. Na yi aiki da na'urori a ƙasa huɗu, na ga sun mutu ta hanyoyi da yawa, amma ban taɓa ganin wadda ta haukace tana cewa lafiyarta ƙalau ba.

Da muka fito, fili ya cika, masu inji na maƙwabta sun shigo, 'yan dako sun ajiye aiki. Sule yana tsakiya, gumi yana zuba masa. Na san ƙanena, ba mugu ba ne, amma bai taɓa iya tsayawa a gaban taro da laifi a hannu ba. Ya nuna Bilkisu.

"Ga wadda ta haɗa shi nan. Ni me na sani a kwamfuta? Na yarda da boko, ga inda ya kai ni."

Ta durƙusa a kan ƙaiƙayi, ta sunkuyar da kai. Inna Talatu ta juya ta dube ta, matan suka fara salati, wata ta ce dama ilmin mace. Na ga yadda za ta kasance. Kafin azahar Kura da Bunkure duk za su ji cewa 'yar Sule ta ciyar da masu sauka kwalba, kuma ba za ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba. Na miƙe. Ban shirya ba, sai na ji bakina yana magana.

"Sule, ka ji tsoron Allah. Bilkisu ta gaya maka a gabana. Bilkisu ta ce a kawo wata, ka hana. Ta ce a zare waya a jira, kai ka ce a daina. Ku tambayi masu aikinsa."

Rabin mutanen ba maganar ce ta ba su mamaki ba, jin sunanta a bakina ne. Masu aikin suka sunkuyar da kai, wannan kuwa ya isa amsa. Sule ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya yi magana a hankali, ba faɗa.

"Ashe taka ce, Yaya. To ka karɓi abarka."

Ya shiga ofis ya rufe ƙofa.

Yarinyar ta warke, alhamdu lillahi, ko da yake ta daɗe ba ta iya karatu da ƙarfi. Sule ya je gidansu da kansa ya ba da haƙuri, ya ɗauki nauyin asibiti, wannan ma ku sani a kansa. Matan Bunkure suka koma wa faifansu, suka kuma koma wasu injinan. Ba Bilkisu ce ta kore su ba. Amma a ranar, tun kafin magariba, matar Sule ta aiko da akwatunan Bilkisu gidan nan a a-daidaita-sahu, tana kuka, har da 'yar darduma da take salla a kai tun tana firamare. Na zaci yarinyar za ta gode mini. Ta same ni a soro, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Abba, da ka bar ni da laifin."

Na ce, ki ɗauki abin da ba ki yi ba?

"Da zan iya ɗauka. Mutane za su manta da kwalba. Shi Baffa ba zai manta ka tsiraita shi a gaban 'yan dakonsa ba. Ni hannuna ne ya kunna maɓallin, na san abin da aka rubuta a kansa."

Mahaifiyarku ta ce da ni daga baya, zaman ƙasashen waje ne ya koya mini cewa gaskiya ana faɗinta a fili. Wataƙila. A Sudan na ga dattawa suna kashe irin wannan magana a bayan ɗaki, kowa ya fito da rawaninsa a kansa. Amma a bayan ɗaki na fara yi masa magana, kun ji amsar da ya ba ni. Ban yi nadama ba, kuma ba na neman ku ce na yi daidai. Na aika masa dattawa, ya karɓe su da mutunci, ya ce ba komai, shi da Yaya ba sa faɗa. Bilkisu ta je gaishe shi, ya amsa mata kamar yadda ake amsa wa 'yar maƙwabta, ya ce ta gaida mutanen gida.

Da damina ta zagayo aka sa ranar aurenta. Na aika masa da goro da alewa kamar yadda ya kamata, na ce abin da ya rage nasa ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ranar ɗaurin aure bayan Juma'a na hango shi ya zo, cikin babbar riga, amma ya zauna a sahun baya tare da baƙi. Na bar wuri a gefena, ba wanda ya zauna. Liman ya gyara zama, ya tambayi wakilin ango, aka amsa. Ya ce, ina waliyyin amarya? Na juya na dubi Sule. Mutane ma suka juya, don duk Kura an san wanda ya raine ta, kuma a gidanmu ba a taɓa jin uba ya aurar da 'yarsa da bakinsa ɗan'uwansa yana raye ba. Sule yana kallon carbinsa. Liman ya ɗan jira, ya yi gyaran murya, ya sake tambaya. Na ji wani dattijo a bayana yana cewa a hankali, "Alhaji Sule, da kai ake." Bai ɗago ba.

Na ce, "Ni ne."